Yadda Na Kai wa Dakta Rakiya Satifiket Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin tashar Kankia sai wani ya ce, "Kabiru, wai da gaske ƙasa ka tsallaka don ka kai abin da bai kai saƙon waya nauyi ba?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri, har shekaranjiya na ji ana cewa jandarmomi sun ɗaure ni. Ba wanda ya ɗaure ni. Ga yadda aka yi, kuma wanda ya sake tambayata wannan zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da haɗa wa shaguna intanet. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Lami, ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya, ta buɗe ɗan ɗakin duba masu ciki a Kusada. Tana da wata tsohuwar na'urar ɗaukar hoton ciki. Ta iya ɗauka sarai, amma in hoto ya rikice mata takan tura wa ƙawarta Dakta Rakiya a Maraɗi. Tare suka yi makarantar jinya a Katsina suna 'yan mata, kafin Rakiya ta koma ƙasarsu ta zama likitar mata. A da ta waya suke turawa. Sai aka sace wayar Gwaggo a kasuwa, hoton cikin wata mata 'yar Ƙofa, da sunanta a jiki, ya shiga yawo a wayoyin samari. Mata suka ɗauke ƙafa daga wurin Gwaggo, Dakta kuma ta rantse ba za ta ƙara karɓar hoton kowa ta waya ba.

Ana cikin haka cikin ƙanwata Zulai, da ke aure a Dudunni, ya fara tsufa. Haihuwarta ta baya a gida ta yi, ta zubar da jini har muka fid da rai, ɗan kuma bai zo da rai ba. Gwaggo ta duba ta, ta ga kamar mabiyiya ta sauko ta tare hanyar fitowar ɗa, amma na'urar ta tsufa, ba ta da tabbas. In kuwa haka ne, naƙuda a gida na iya kashe ta. Gwaggo ta ce a tafi babban asibiti a Katsina. Zulai fa, wanda bai san ta ba sai ya ce saliha ce, alhali taurin kanta ya fi na kowa a gidanmu. Tana tsoron wuƙar tiyata, ga kaka ta kama, ga surukarta na cewa ita duk nata a ɗaka ta haife su. Abu ɗaya ta yarda da shi: in Dakta Rakiya ta ga hoton da idonta ta ce a tafi, za ta tafi.

Sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta na mai da ita saba, wato ma'ajiyar da Gwaggo za ta riƙa zuba hotuna Dakta ta buɗe daga can. Don kada wani ya leƙa abin da ke wucewa tsakaninsu dole a rufe hanyar, rufewar kuma tana buƙatar satifiket, wato shaidar da na'ura ke nunawa ta ce, "Ni ce sabar Gwaggo, ba wata ba." Manyan shafuka akwai hukumomin da ke sa musu hannu, kuma kowace kwamfuta ta san hukumomin nan tun daga kamfani. Mu ba mu da sunan shafi mai rajista, lambar adireshi kawai gare mu, kuma kwamfuta biyu ce kaɗai za su yi magana da juna. Don haka na sa sabar ta ƙera makullinta na sirri, ta rubuta wa kanta satifiket, ta sa masa hannu da kanta. Ƙarfin rufewar ɗaya ne da na kowa. Abin da ta rasa shi ne wanda zai tsaya mata.

Dakta na buɗewa jan gargaɗi ya cika mata allo. Na ce mata ta waya ta danna wurin ci gaba kawai. Ta ce, "Yaro, ban san ka ba, ban san muryarka ba, kana ce mani in tsallake jan rubutu? In wani ne ya shiga tsakani ya sa ma kanshi hannu yadda ka yi, da mi zan bambanta ku?" Wallahi raina ya ɓaci, amma gaskiyarta ce. Mafita ita ce a saka satifiket ɗin cikin kwamfutarta, ta san shi, daga nan duk wanda ya zo da wani daban ta ƙi shi. Ita ba ta iya sakawa ba, kuma ta ce hannun da ba ta gani ba ba zai taɓa mata kwamfuta daga nesa ba. Ta ce Lami ta turo ni ta gan ni.

Na san abin da za ku ce, don an sha ce mini: me ya hana in zuba hoton a filashi in kai mata? Na kawo shawarar. Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Yaya ya sa cikina a aljihu ya riƙa bin shingayen hanya da shi? Gara in mutu." Gwaggo ta harare ni har na ji kamar ni na sace wayar.

Ranar tafiya na biya Kusada da sassafe na kwafi satifiket ɗin a filashi. Gwaggo na tsaye kaina tana kallo. Da na ce mata makullin sirri ba zai bar sabar ba, satifiket kaɗai zan ɗauka, sai ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, Rakiya ce fa. Makullin akwatina a hannunta yake zama muna makaranta. Ka je ka ce mata na ɓoye mata makulli?"

Na ce, "Gwaggo, ba don ita ba ne. In makullin ya hau mota ya faɗi a hanya, duk wanda ya tsinta zai iya cewa shi ne ke."

Ta yi tsaki ta ce aikinmu na zamani ba shi da kara. Sai ta rama ta wani wuri: ta cika mini jaka da daddawa, da kuka, da yajin da ta daka da kanta, wai don kada Rakiya ta ji an rage mata wani abu. Filashin kuma ta zura masa zare ta rataya mini a wuya kamar laya.

Daga Kankia zuwa Katsina ba wanda ya yi mini magana mai daɗi a motar nan. Rana na ɗagowa daddawar Gwaggo ta fara aiki. Wata mata ta toshe hanci da gefen zane, direba ya sauke gilasai duka, wani ɗan makaranta ya tambaya ko akwai abin da ya mutu a but. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, wani dattijo Alhaji Sale, dillalin wake daga Sukuntuni, wanda shi ma Maraɗi ya nufa. Ya ce wa motar gaba ɗaya duk wanda ya raina warin nan kada ya ƙara shan miya. Daga nan muka ƙulla, muka sauya mota tare a Katsina muka kama hanyar Jibiya. Ya tambayi abin da ke wuyana, na yi masa bayani iya iyawata. Ya jinjina kai ya ce, "Tau, baƙo ne ka ɗauko wanda ba ya da mai masauki. Mu can kasuwar Maraɗi ko ka zo da rawani har ƙasa ba mai auna maka ko tiya sai wani sananne ya ce ya san ka." Yana magana yana ɗibar dafaffiyar gyaɗata, kafin mu kai Jibiya ya cinye ta tas, ya kuma yi mini addu'ar da ta fi gyaɗar yawa.

A iyaka na ga bambanci. Ɓangarenmu surutu ne, a tambaye ka garinku, a ce ai an san wane, a yi dariya, ka wuce. Da muka tsallaka zuwa Ɗan Isa sai na ga jandarma ba ya ko murmushi. Ya karɓi katin shaidata, ya dube shi, ya dube ni, ya sake duban katin, har na fara shakkar ko ni ne. Sai ya nemi katin riga-kafi. Ina da shi, amma Gwaggo ta tura shi can ƙasan jaka don kada ya ɓata. Na zazzage daddawa a gaban jama'a na zaro shi. Bawan Allah ya riƙe katin da yatsa biyu, ya miƙar da hannu iya tsawonsa yana karantawa daga nesa, ya mayar mini da sauri ya ce in tahi, in tahi. Alhaji Sale ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wannan shi ne duk ɗaurin da aka ce an yi mini.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, muka rabu da Alhaji a tasha, na hau babur, wanda su suke kira kabu-kabu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne garin ya yi tsit. Ofisoshi a rufe, shaguna da yawa an ja ƙofa, wai lokacin hutun rana ne, sai can yamma a sake buɗewa. Mu a Kankia in ka rufe shago da rana tsaka sai a zo yi maka gaisuwa, a ɗauka rasuwa aka yi.

Mijin Dakta, Malam Isufu, tsohon malamin makaranta ne, shi ya tarbe ni. Ya sauke ni a ɗakin zaure, an share shi an ɗaura gidan sauro. Ina ajiye jaka na fara, "Baba, maganar kwamfutar nan…" Ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi da ƙurar hanya a ƙafa. Mu ma muna da wannan al'ada, amma mu da an sha ruwa an gaisa shi ke nan. Su kuwa da gaske suke yi. Aka kawo ruwan wanka. Aka kawo shinkafa da miyar albasa, da dambun zogale, da wani dogon burodi mai tauri da ya kusa cire mini haƙori. Aka kawo fura da nono mai kauri, kuma ku yi haƙuri 'yan Kankia, ta fi tamu. Sai Malam ya hura gawayi ya ɗora shayi a 'yar buta, yana zubawa a ƙananan kofuna zagaye bayan zagaye, na farko ɗaci kamar magani, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma ba a tashi a tsakiya. Ina kurɓa ina tunanin Zulai a Dudunni, ko a daidai wannan lokacin ciwo ya taso mata. Na ji haushin dattijon nan ƙwarai, kuma na ji kunyar jin haushin, don ba abin da yake yi sai kyautata mini.

Dakta ba ta dawo ba sai bayan magariba, ta yini a ɗakin tiyata. 'Yar gajeruwar mata ce mai farin gilashi, muryarta ta fi jikinta girma. Ta amsa gaisuwata, ta shinshina jakar Gwaggo ta yi murmushi, ta ce aiki sai da safe, don ido mai gajiya ba ya duba cikin ɗiyar mutane. Ta ce ta riga ta gaya wa Lami a ɗauko Zulai daga Dudunni tun da wuri.

Da safe na zauna gaban kwamfutarta na kai hannu wuyana. Ta ce in dakata. Ta kira Gwaggo, ta buɗe murya kowa na ji. Sai da suka gaisa suka tambayi mutanen da wasunsu sun daɗe da rasuwa, sannan ta ce, "Lami, ga wani dogo nan ya ce shi ɗanki ne. Hwaɗa mani kamanninshi."

Gwaggo ba ta ko yi jinkiri ba. "Dubi bayan kunnenshi na hagu, akwai tabo. Zakaran malaminsu na allo ne ya sare shi yana yaro, ya je satar ƙwai. Kuma in ranshi ya ɓaci sai ya kama sosa ƙeya."

Na sauke hannuna daga ƙeya da sauri, amma an riga an gani. Dakta ta zagayo ta lanƙwasa mini kunne ta duba, ni da gemuna. Malam Isufu na bakin ƙofa yana dariya ba sauti. Ta ce, "Shi ne. Tau, kai na san ka. Saura abin wuyanka. Mi ya tabbatar mani na na'urar Lami ne, ba a musanya maka shi a hanya ba?"

Nan kam na ji daɗi, don na shirya wa wannan. Kowane satifiket yana da abin da muke kira zanen yatsa, wani dogon layin haruffa da lambobi da ba ya taɓa zama ɗaya da na wani. Na bar wa Gwaggo wata alama a allon sabar, in ta danna layin zai fito. Na ce ta karanto shi daga can, Dakta ta bi na cikin filashi daga nan. In sun yi daidai, shi ne.

Gwaggo ta ce, "Af. Ai na'urar a kashe take."

Na miƙe tsaye. "A kashe? Gwaggo, wa ya kashe ta?"

"Ni. Suna ake maƙwabta, baƙi sun zo daga ƙauye wayoyinsu duk sun mutu, ga batirin da ka haɗa wa na'urar cike da wuta. In ce masu a'a? Kai ma ba ka nan, na ce bari ta huta. Har na lulluɓe ta da zane saboda ƙura."

Na koma na zauna. Na tsallaka ƙasa, na sha warin daddawa, an murɗe mini kunne, ashe sabar tana can lulluɓe ana cajin wayoyin 'yan suna. Amma wa zai iya hana maƙwabci wuta a Kusada ya kwana lafiya? Na haɗiye fushina na bi da ita a hankali: ta cire wayoyin, ta ba masu su haƙuri ɗaya bayan ɗaya muna ji, ta mayar da wayar sabar, ta danna maɓalli. Muka jira har ta ce allo ya kawo.

Karatun layin nan ba zan manta da shi ba. Gwaggo da Turanci ta san sunayen haruffa, Dakta da Faransanci, sai suka yanke shawarar ba su suna: A ta zama akuya, B barkono, D dawa, F fura, haka dai. Gwaggo na karantowa bibbiyu, Dakta na bi da yatsa a allo. "Akuya, bakwai. Fura, dawa. Uku, tara." Suna tsakiya wata ta yi sallama a can, Gwaggo ta tsaya ta amsa, ta tambayi yara, ta manta inda take, aka koma farko. Ni gumi kawai nake yi. Amma ina kallon fuskar Dakta na gane abin da ke faruwa. Muryar da ta sani tun suna 'yan mata ce ke tsaya wa na'urar, kuma ba hukumar da za ta yarda da ita kamar wannan murya. Da suka kai na ƙarshe Dakta ta cire gilashi ta ce, "Daidai. Saka shi."

Na saka shi cikin shaidun da kwamfutarta ta amince da su. Haruffan kwamfutarsu ba sa inda namu suke, na yi ta kuskure. Na rubuta adireshin. Jan gargaɗi bai fito ba, shafin ya buɗe da ɗan kwaɗonsa a rufe. Na juyo in yi mata bayani, sai ta nuna mini ƙofa.

"Aikinka ya ƙare. Hita waje, ba a duba mace gaban wanta."

Na koma kan benci a tsakar gida kusa da Malam Isufu. Ya miƙo mini kofin shayi. Ta taga ina jin muryarta. Hoton farko bai gamsar da ita ba, ta sa Gwaggo ta ba Zulai ruwa ta sha, a jira, a sake ɗauka ta wani gefen. Aka ɗauka, aka zuba a sabar, ya iso mata nan take. Da a aljihu na kawo shi da sai na sake komawa Kusada. Na ajiye kofin na kasa kunne.

Can na ji ta ce a ba ta Zulai. Muryar nan mai girma ta yi ƙasa. "Ɗiyata, kina jina? Na gani da idona. Mabiyiya ta ruhe hanya gaba ɗaya. In naƙuda ta same ki a ɗaka, ba ke ba ɗan. Ba gobe za ki tahi Katsina ba, yau. Wuƙar da kike tsoro ni ma an yi mani ita, ga ni ina maki magana." Ban ji amsar ba. Na ji dai Dakta na cewa, "Na sani. Na sani, ɗiyata. Yi kukanki, ina nan." Aka daɗe a haka.

Da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana goge gilashinta da gefen mayafi. Ta dube ni ta ce, "Ta ce tau."

Ban tsaya cin abincin rana ba, kuma wannan karon Malam Isufu bai hana ni ba, shi ya raka ni tasha da kansa. Ban ƙarasa Kankia ba, a Katsina na sauka, na tarar an riga an ba ta gado. A can ta zauna ƙarƙashin idon likitoci har lokacin da suka ga ya dace, aka shiga da ita tiyata. Jini ya zuba sosai, amma an tanadi wanda za a ƙara mata, ni ma an ɗebi nawa.

Hoton da na tsallaka iyaka saboda shi har yau ban gan shi ba, don ina dawowa Gwaggo ta sa na koya mata sauya kalmar sirri, ta sauya, ta ƙi gaya mini. 'Yar kam na gan ta. Gwaggo ce ta miƙo mini ita a naɗe cikin zani, ja-jawur, tana ta tsala ihu. Zulai na kwance fari fat, leɓɓanta a bushe, na ɗauka barci take yi. Sai ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni ta ce, "Yaya, ka je har Maraɗi, ina tsarabata?"

Na buɗe baki in zage ta yadda na saba, sai kuka ya ƙwace mini a gaban matan ɗakin gaba ɗaya.